Farar Shaddar Kawu Bitrus

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Bitrus, yayan mahaifiyata. Makon jiya gayyatar addu'ar tunawa da shi ta shigo wayata daga babban ɗansa, Yaya Ishaku. Hoton jirgin ƙasa a sama, hoton Kawu a ƙasa, sannan aka rubuta da manyan baƙaƙe wai kowa ya zo da fararen kaya. Fararen kaya! Na ja tsaki har matar da ke kusa da ni a tashar bas ta waiwayo.

Kawu ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan yana zuba wa jirgin ƙasa kwal, tun zamanin da jirgi ke tafiya da wuta da tururi. Da ya tsufa, Yaya Ishaku ya ɗauko shi zuwa nan Greensboro a Amurka, ya ajiye shi a wani katafaren gida a Pleasant Garden, inda mutum zai wuni bai ga ƙafar maƙwabci ba. Ci da sha kam ba a rage shi da komai ba. Amma in baƙi suka zo aka tambayi aikin da Baba ya yi, sai Yaya ya gyara murya ya ce, "Babban ma'aikacin reluwe ne." Kalmar shebur ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ba.

Ni na ji labarin taron da manoman karkara ke yi duk bazara, inda suke fito da tsofaffin taraktoci masu tururi na kakanninsu, su hura musu wuta su zagaya fili. Da na gaya wa Kawu, abu ɗaya ya roƙa: a kai shi ya riƙe shebur ko sau ɗaya kafin ya mutu. Na yi niyyar mu tafi mu biyu. Ina! Yaya ya ji, ya ce ai fita da Baba cikin jama'a fitar iyali ce. Ku kun san mu. Matarsa ta fitar da anko, farar shadda, an sha guga har tana ɗaukar ido. Aka naɗe tsoho cikin babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Muka isa fili, ga rana, ga turawa cikin tsofaffin kayan aiki duk maiƙo, ga injuna suna aman baƙin hayaƙi. Mu kuwa mun jeru fari fat, ana ta kallonmu. Kawu bai ma san ana yi ba. Ya ja hayaƙin nan cikin ƙirjinsa, wallahi na ga bayansa ya miƙe. Ya nufi wata jibgegiyar tarakta ba ko sanda, ya tsaya suna hira da mai ita, wani tsoho sa'ansa. Can mutumin ya miƙo masa shebur, ya ba shi hannu don ya hau.

Kawu ya kama ƙarfen hawa, ya ɗora ƙafa ɗaya. Sai Yaya ya riƙo shi ta baya.

"Haba Baba, shaddar nan fa! Ko hoto ba mu ɗauka ba."

"Ishaku, shebur ɗaya kawai."

"Baɗi, Baba. Baɗi sai mu zo da kayan da suka dace."

Na ce, "Yaya, don Allah ka ƙyale shi." Ya harare ni, ya ce ba da ni yake ba. Kawu ya sauke ƙafarsa. Aka jera mu nesa da hayaƙi aka ɗauki hoto, Yaya na tsaye ta dama don ya kare hannun rigar Kawu, inda ƙarfen ya bar baƙin tabo. Aka koma mota, aka kunna sanyi. Aka kama hanyar gida. Da sanyin shekarar ne Kawu ya rasu.

To yau da zai leƙo ya ga mutanen da suka ji kunyar sheburinsa suna buga gayyata da hoton jirgi, suna kiransa gwarzon reluwe, me zai ce? Na san Kawu, ba zai yi faɗa ba. Zai tambaya ne a hankali ko a cikinsu akwai wanda ya san ta ina ake zuba kwal. Ni dai ba ni da haƙurinsa. Abin nan ƙyama yake ba ni. Mun iya girmama tsoho in ya zama hoto a bango, don hoto ba ya ɓata kaya, ba ya roƙon komai. Za a yi jawabai, a ci shinkafa, Yaya ya share hawaye da farin hankici, a tafa masa.

Ba zan je ba. Ranar da suka sa a bazarar nan ta yi daidai da taron taraktocin, can za ni, kamar yadda nake zuwa duk shekara in tsaya inda hayaƙi ya fi yawa.

Me ya rage na Kawu? Ba jawabi ba ne. Da za a binne shi, shaddar nan aka zaɓa a sa masa, don ita ce mafi tsada. An kai ta wanki har wajen masu wankin inji, tabon ya ƙi fita. Ina kallo matar Yaya ta lanƙwasa hannun rigar ta cusa ƙarƙashi don kada masu gaisuwa su gani. Da suka fita, na zaro shi na shimfiɗa a kan ƙirjinsa. Haka aka rufe akwatin.