Malama Pyo, Wadda Ta Ba Mu Kujerun Gaba

Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, ina cikin auna wa wata mata busasshen kifi a kasuwa, 'yarki Da-eun ta kira ni. Ta ce, "Anti Bok-hui, Mama ta cika ɗazu, bayan ta sha shayinta." Na ƙarasa awon, na ƙulle leda na miƙa wa matar, sannan na zauna a kan akwatin kifi. Malama Pyo Gyeong-ja, kin tafi kina da shekara tamanin da ɗaya, a ɗakinki, tagarki a buɗe ta wajen teku, kamar yadda kika sha gaya mana kina so. Mun yi kuka, amma ban ji wanda ya ce kin bar aikinki a banza ba.

Shekara talatin kika yi kina koyarwa a sakandaren tsibirinmu na Solmi. Da kika yi ritaya kowa ya zaci za ki koma shuka barkono a bayan gida. Sai ga ki kin je kin roƙi masunta su ara miki tsohon ɗakin ajiyarsu da ke bakin tashar jirgi, kika share shi da hannunki, kika fara Bikin Shafin Farko. Bana shekararsa sha tara, kuma har yau ɗakin bai daina ƙarnin kifi ba.

Dokarki ɗaya ce. Wanda ba a taɓa buga masa ko layi ɗaya ba shi ke zama a gaba, shi ke karatu. Manyan marubutan da kike gayyatowa suna benci a baya, suna saurare, bayan nan kowannensu ya ɗauki sabon hannu guda ya zauna da shi su bi rubutunsa. Ina nan ranar da wani mawaƙi mai suna ya ɓata rai, ya ce miki, "Malama, daga Seoul fa na taso." Kika ce, "Sannu da hanya. Ga waccan tsohuwar can, ita shekara arba'in tana tafe kafin ta iso." Ya yi dariya ya koma bencinsa, kuma shekara shida a jere yana dawowa.

Ni a kasuwa kika tsinto ni, ina da shekara hamsin da huɗu. Nakan yi 'yan rubuce-rubuce in ba ciniki, ban taɓa nuna wa kowa ba. Wata rana bisa kuskure na naɗe miki kifi a ɗaya daga cikin takardun. Washegari kika dawo da ita, duk ta sha mai, kika ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Na ce, "Shirme ne, Malama."

Kika ce, "Na ga shirme ne. Ina shafi na biyu?"

Daga nan duk Alhamis kina zaune a gefen rumfata, kina karantawa kina tsintar kifina ba tare da izini ba. Ba ki iya lallashi ba, wannan kowa ya sani. Kin taɓa ture mini takarda kika ce na rubuta "baƙin ciki" sau bakwai a shafi ɗaya, in bar gaya miki yadda na ji, in gaya miki abin da babana ya yi da hannuwansa. Labarin babana ne, yadda giya ta cinye shi har ya rasa jirginsa na kamun kifi. Ke kika matsa mini sai na tuno wani alheri nasa na sa a ciki, kika ce mutumin da ba shi da kirki ko ɗaya ba mutum ba ne, hushin marubuci ne kawai.

Da yayana Man-su ya ji zan karanta labarin a biki, ya aiko mini cewa in na tona asirin gidanmu a gaban jama'a, kar in ƙara taka gidansa, ko ranar tunawa da iyayenmu. Mu biyu kaɗai muka rage. Ranar karatun ina hawa dakali na hango shi tsaye a bakin ƙofa, bai ko cire hula ba. Muryata ta ɗauke gaba ɗaya. Kika taso a hankali da sandarki, kika tsaya kusa da ni, kika ce yadda ni kaɗai zan ji, "In kin fasa ba wanda zai zarge ki, har ni. Amma in za ki karanta, ki kai ƙarshe. Kar ki tsaya a kan giyar."

Na karanta har inda Baba ya goya ni cikin ruwan sama zuwa asibiti ina 'yar shekara shida. Da aka tashi Yaya ya nufo ni, fuska ba walwala. Ya ce, "Jirgin kore ne, ba shuɗi ba." Ya ƙara da cewa, "Kuma ranar ni na riƙe muku lema. Kin manta da ni." Na gyara duka biyun kafin littafina ya fito. Tun daga shekarar shi ke kwaso kujerun biki a motarsa, yana mita yana kwasowa.

Ba ni kaɗai ba ce. A kwana ukun zaman makokinki na ga masinja, da ma'aikatan jinya biyu, da wani tsohon soja, kowa ya rusuna gaban hotonki, ya ajiye farin fure, ya ajiye littafinsa a gefe. Kafin a fita da ke littattafan sun haura talatin. Muka zauna muna shan miyar naman sa mai yaji, muna gasar wanda kika fi yi wa faɗa. Masinjan ne ya ci. Shi sau goma sha ɗaya kika mayar masa da babi guda.

Jiya Da-eun ta kawo mini kwalin rubuce-rubucen da aka aiko don bikin bana. Kin duba duka, saura ɗaya, na wani direban bas mai suna Gu Tae-sik, ɗan shekara saba'in. Kin kai shafi na tara. A gefensa kika rubuta, "Nan ne labarin ya fara, yar da na baya." Na kira shi na karanta masa. Ya ce, "To, shafi takwas sun tafi ke nan. Yaushe zan zo?" Na ce Alhamis, ya same ni a rumfa. Biki yana nan a watan Oktoba, kuma sunansa na sa farko.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, Baba Bang Il-du, wanda ya dafa wa baƙinmu taliya shekara sha takwas bai taɓa karanta ko ɗayanmu ba, ga Da-eun da 'ya'yanta, da duk wanda ya taɓa tsayawa a kan dakalin nan da takarda a hannunsa. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu.

Malama, Allah ya ji ƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki. Yadda kika zauna kika saurare mu tun ba mu iya ba, Allah ya karɓe ki da irin wannan haƙurin. Ki huta lafiya.