Na Gyara Kwafi, Na Bar Asali

Kawuna na Kebbe yana da akwatin littattafan kakanmu, duk rubutun hannu, kuma gara ta fara ɗanɗana su. Shekara biyu ina roƙonsa ya bar ni in sa su a kwamfuta. Daga ƙarshe ya gindaya sharaɗi: in manhajata ta riga shi gano baiti a cikin waƙoƙin da na riga na shigar, zai ba ni.

Manhajar da yaren kwamfuta na Python na rubuta ta, kuma nawa gare ta. Sai na rubuta sashen binciken da wani yaren, C, don ya yi sauri. Haɗa yarukan biyu aiki ne mai cin rai, amma akwai wata manhaja da za ka ba ta ɗan bayani, ita kuma ta rubuto maka lambobin haɗin gaba ɗaya. A saman abin da ta rubuto har gargaɗi ta sa, wai kada a gyara da hannu.

Ni kuwa a gidan malamai na tashi a Tambuwal, inda in ka ga kuskure a takarda sai ka gyara shi nan take a gefe. Kwana uku ina bin lambobin ina gyarawa, ina jin kaina wani shehi. Bayanin da na ba ta tun farko, wanda a cikinsa kuskuren yake, ko kallonsa ban sake yi ba.

Ranar gwaji na hau babur, na sha kwazazzabai har Kebbe. A zauren Kawu, don burga, na ce manhajar haɗin ta sake haɗa komai. Ta koma ga tsohon bayanin, ta share gyarana kaf. Kawu ya jawo baiti, allon kwamfutar ya cika da jan rubutun kuskure, shi kuwa ya ƙarasa waƙar da ka. Kunya ta rufe ni, na ga akwatin ya kuɓuce mini.

"Mi yaf faru, ɗana?"

Na yi masa bayani, kaina a ƙasa.

"Wato kag gyara kwafi, kab bar asali da kuskurenai? Shi ko injin ga bai yarda ba, sai abin da ag ga asali?"

"Haka ne, Kawu."

Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Sannan ya laluba aljihu, ya ɗora makullin akwatin a kan kwamfutar, ba a hannuna ba.

"Shi nika ba amana. Kai dai ka riƙa rako shi."