Sallamar Kawu Sahabi Daga Cikin Jirgi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 7 ga Oktoba 2025, ana tsakiyar yankan hatsi, Allah ya karɓi ran kawuna, Alhaji Sahabi, a gidansa da ke Falanko, yana da shekara tamanin da 'yan kai.

Kawu, makiyayan da ke sauka ƙofar gidanka za su ba da shaidar alherinka, don ba ka taɓa hana baƙo fura ko raƙuminsa ruwa ba. Ni kuwa tafiyarmu ta Makka zan faɗa, wadda ka zame mini muharrami, domin har yau idan na tuna ta sai tsikar jikina ta tashi.

Kana ɗan yaro kuka kama hanyar hajji a ƙasa, kai da iyayenka. Damina biyu kuna tafiya, kuna tsayawa ƙodago a gonakin mutane. Dab da iyakar Cadi da Sudan zazzaɓi ya kwantar da mahaifiyarka, Inna Dado, aka binne ta a bakin hanya, mahaifinka ya juyo da kai gida. Ba ka sake ganin wurin ba.

Da za mu tashi daga Yamai aka ce Jidda wajen kilomita dubu huɗu ce, awa biyar da ɗan abu. Ka yi dariya ka ce mai wannan lissafi bai taɓa jan jaki ba. Amma da jirgi ya ɗaga sai ka ƙi abinci, ka ƙi runtsawa. Tsoronka ɗaya ne, kada ka wuce kabarin mahaifiyarka ba ka yi sallama ba. Ka sa ni na tsare allon taswira da ido.

Ba mu cika awa uku ba na ga mun doshi iyakar. Ka yafuto ma'aikaciyar jirgin, ka ce, "'Yata, ki roƙar mini direba ya ɗan rage gudu, uwata na nan ƙasa." Na kusa yin dariya, sai na ga da gaske kake. Ita ma da na fassara mata ba ta yi dariya ba. Ta ba ka haƙuri, ta ɗaga maka murfin taga.

Ba abin da ake gani sai gajimare. Duk da haka ka tuɓe takalmanka, kamar yadda ka saba in za ka shiga maƙabarta, ka kafa goshi a taga, ka ce, "Salamu alaikum, Inna. Sahabi ne. Yau zan ƙarasa." Kafin ka shafa fatiha mun yi nisa cikin Sudan. Sannan ka juyo ka ce, "Zuhaira, abin da ya ci mana damina biyu, ko shayi bai huce ba. Allah da girma yake." Ban taɓa jin ƙanƙantar ɗan Adam kamar ranar ba. Bayan aikin hajji ka yi wa Inna Dado umara.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Hajiya Ummu, da ɗanka Nafi'u da ƙannensa, da dukan dangi na Tanut da Belbeji. Allah ya ba mu haƙuri. Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka makwancinka, ya sada ka da Inna Dado a Aljanna, inda za ka yi sallama ka ji ta amsa. Amin.