Ƙarar Baba da Aka Kora

Mahaifina ba ya tambayar mutum sau biyu. In ya ba ka amana ya gama, komawa a ce maka "ina aka kwana?" a wurinsa zagi ne. Haka ya yi fataucin goro tsakanin Parakou da Djougou har ya tsufa, haka kuma ya yi da lauya.

Masu haraji ne suka ɗora masa abin da bai ci ba, suka garƙame shagonsa na Djougou. Ya ɗauki wani lauya mai sanyin murya a Parakou ya ɗaukaka ƙara. Ya miƙa masa takardu da ƙwaryar goro, suka yi musafaha, daga nan bai sake taka ofishinsa ba. Ranar da na ce bari in leƙa, harara na sha.

"Kai, ba a bin mutum kamar ɓarawo. Metir, lauyan nan, ya ce dosiye, takardun ƙarar duka, na hannunsa."

Ciwo ya kwantar da Baba a gidanmu na unguwar Albarika a Parakou, ya rasu shago na kulle. Ranar sadakar uku sai ga lauyan. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarma kusa da ni, ya shafa fatiha tare da mu. Alhali ya san an kori ƙarar tun Baba na da rai, don ranar zama bai je ba, bai kuma aika kowa ba. Ni ban tambaya ba, ba a maganar dukiya a wurin makoki. Har bakin mota na raka shi ina ta godiya. Wannan godiyar har yau tana ci mini rai.

Sai bayan arba'in wani maƙwabcin shagon ya bugo mini waya, wai za a yi gwanjonsa. Na ruga wurin wata lauya. Ita ta gano mini an kori ƙarar, ta ce lokacin maido da ita ya ƙure, sai dai mu nuna wa kotu sakacin ba na Baba ba ne, kuma hanya mafi sauƙi shi lauyan Baba ya amsa laifinsa a rubuce da sa hannunsa.

Na yi ta zarya ofishinsa har masu acaba na bakin titin suka san ni. Da na ritsa shi, bai yi musu ba.

"Wallahi shafa'a na yi," in ji shi. "Tsohon bai taɓa kirana ba."

Ba don ina buƙatar hannun nan nasa ba, da na karya shi. Ya sa hannu, na fita ban yi masa sallama ba.

Alƙali ya duba, ya yarda a maido da ƙarar, aka dakatar da gwanjo. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne har lokacin ƙarar na ɗauke da sunan Baba. Ranar zaman farko magatakarda ya ɗaga murya ya kira shi, cikakken suna har da na kakana. Ya sake kira. Sai na tarar da kaina ina kallon ƙofa, ina jiran in ji jan takalmin Baba.

Lauyar ta taɓa gefen rigata.

"Tashi, Malam. Kai ake jira."

Na tashi na amsa sunan mahaifina. Shagon ya tsira, ni nake zaune a cikinsa yanzu, amma shi Baba ya tafi da yaƙinin cewa yana da mai tsaya masa a kotu.