Tukunyar da Kong ta saya domina

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Alhamis na tura wani saƙo a WhatsApp, ina zaune a ɗakina a unguwar Withington. A lokacin ni ɗaliba ce a Manchester, ina nazarin abinci a kan tallafin karatu, yarinya marar magana wadda ba ta da ƙawa sai littafi. Komai na gani sai na rubuta shi dalla-dalla, kuma ina alfahari da hakan. Wannan halin ne ya raba wata baiwar Allah da gidanta.

Bincikena a kan daddawa ne. Wata 'yar ajinmu ta ce a duwatsun arewa maso gabashin Indiya akwai mutanen Khasi, su ma suna ruɓar da waken suya su yi wani abu mai suna tungrymbai, kuma gwaggonta a Birmingham tana yi. Haka na fara hawa jirgin ƙasa ranar Asabar zuwa gidan gwaggon, a hawa na tara na wani dogon bene a unguwar Ladywood. Kong nake kiranta, yadda suke kiran babbar mace. Aikin kula da tsofaffi take yi, amma shekarun nan ne da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, an rufe cibiyar da take aiki, sai 'yan awoyi take samu nan da can. Don haka duk Asabar takan dafa wa mutanen garinsu biyar ko shida, su ɗan taimaka mata da 'yan kuɗi.

Ranar farko ta tarbe ni da kwai, wani ɗan ƙwallo da ake naɗewa a ganye a tauna, kamar yadda muke miƙa goro. Ta faɗa min ba ɓoye-ɓoye cewa yawancin girkinsu da naman alade ne. Mako na gaba na tarar ta sayi sabuwar tukunya da muciya, ta je har unguwar Small Heath ta sayo kazar halal, ta dafa min jadoh, shinkafar da ake dafawa cikin romon nama da kurkum da citta. Ta yi min tungrymbai da baƙin riɗi, ƙamshinsa sak miyar kakata. Akwai kuma pukhlein, soyayyen garin shinkafa da mazarƙwaila. Tukunyar nan ba ta taɓa barin wani ya taɓa ta ba. Sau biyu ta ce min ƙofarta ba ta son hayaniya. Na ɗauka kawaici ne.

A garinmu, idan mace tana tuyar waina a gida, babban alherin da za ka yi mata shi ne ka faɗa wa mutane lungunsu. Da wannan tunanin na rubuta dogon bayani a zauren WhatsApp na ɗalibanmu 'yan Arewa: abincin Khasi da inda za a ɗanɗana shi. Na sa sunan ginin, lambar ƙofa, har da bas ɗin da ake hawa. Abu ɗaya ban sa ba, wato maganar alade, don ni a raina tukunyata ce kawai a gidan.

Asabar ɗin da ta biyo, mutanenmu suka cika matattakala. Kong ta dube ni sau ɗaya, ta shiga miƙa kwai. A wurinsu ba a mayar da wanda ya zo ƙofa. Ta yi ta girki a tukunyata zubi bayan zubi, gumi na zuba. Har yau idan na tuna abin da suka yi raina na ɓaci. Wata ta toshe hanci tana dariya, ita da ta girma da daddawa. Wani da ya cinye faranti biyu ya kutsa kicin ba sallama, ya buɗe firij, ya ga abin da ya gani, ya ɗauki hoto. Na bi shi ina rantsuwa cewa tukunyar daban ce. Ya ce, “Malama, ke da iliminki kika kawo mu nan?” Kafin mu isa tasha hoton ya zaga zauren. Aka zage ni, wannan na cancanta. Amma shi bai tsaya nan ba, ya rubuta wa kamfanin da ke kula da ginin cewa ana sayar da abinci ba izini, ya haɗa da saƙona a matsayin shaida. Ba su sha wahalar bincike ba, na riga na rubuta musu komai. Waɗanda suka ci suka ƙoshi, ko mutum ɗaya bai buɗe baki ya ce matar nan ba ta yaudare mu ba.

Masu karatu, ku ji ni. Abin da yake alheri a gida yana iya zama makami a nan. Idan mutum ya buɗe muku ƙofa, ku ya buɗe wa, ba duk wanda kuka sani ba. Ku tambaya kafin ku tallata kowa, kuma idan ya yi magana a hankali, kada ku ɗauka wasa yake.

Mako shida ina kiranta ba ta ɗauka. Na aika wasiƙa uku. Daga ƙarshe 'yar ajinmu ta ce an ba ta takardar tashi, za ta koma ɗaki ɗaya a gidan wasu. Na je na same ta cikin kwalaye. Ta miƙo min kwai kamar kullum, na kasa taunawa. Na tambaye ta me zan yi in gyara, ko mene ne. Ta daɗe tana naɗe kofuna a jarida. Sannan ta shiga kicin ta fito da tukunyar, a wanke, ta ɗora min a cinya.

“Ɗauki abarki, ƙanwata. Domin mutum ɗaya na saye ta. Inda zan koma ba a karɓar baƙi.”