Fitilar Gidan Auta

Bangon da ya raba shagon ɗinkinta da shagon yayanta bulo ɗaya ne, kuma akwai huda a samansa inda wayar wuta ta ratsa, don haka ba sai ta kasa kunne ba. Ƙafa kawai ta ɗage daga kan keke, faɗan ya shigo da kansa.

Dogo direba ne ke magana, da muryar nan tasa ta kiran fasinja. Ya ce shi ba faɗa ya kawo ba, kuma ta san duk wanda ya fara da haka to faɗan ne a aljihunsa. Ya ce mutanen da ba su taɓa ganin fuskar juna ba sun riƙe alkawari, masu gadi da malaman makaranta da wata mai jego da ke wasan waya da hannu ɗaya, kowa ya daure, sai yayan nata, shugaban da ya kira yajin ƙaurace wa wasan da bakinsa.

"Ni ban shiga ba," in ji yayanta, a hankali, kamar mai magana da sukudireba a baki.

"Kai ba ka shiga ba, Kawu, gawa ce ta shiga. Ka ga abin da ake rubutawa a guruf? Wai mutanen garinmu, matattunsu ma sun karya yaji."

Ta ji ƙarar wani ƙaramin noti ya faɗi ƙasa ya gangara, ba wanda ya sunkuya nemansa. Gawar da Dogo ke nufi ƙaninsu ne, Auta.

Yayan nata mai gyaran fanka ne, kuma a layin nan da haka aka san shi. Tun yana saurayi yake zaune a wannan ɗaki, fuka-fukan fanka rataye a bango kamar busassun ganye, warin dalma da ƙonanniyar waya ya kama tufafinsa har ba ya fita da wanki. Mutum ne da in ya naɗa koyil sai ya warware ya sake in zagaye ɗaya bai kwanta masa ba. Ba ya hira, ba ya kallon ƙwallo, bai taɓa zuwa daidai lokacin cin abinci ba. Da mahaifinsu ya rasu shi ya riƙe gidan, ya riƙe shi da irin riƙon da yake wa filaya: ba ya saki, kuma ba ya tambaya ko ya yi zafi.

Auta ne ya fi shan matsar. Ya ƙi koyon gyara, ya ce warin dalma na sa masa ciwon kai. Abin da ya iya shi ne kwanciya a kan bencin ƙofar shago da waya a saman fuska, yana dariya da mutanen da ba a gani. Wasa ne da ake yi ta intanet: mutane daga ko'ina su haɗu su gina gari, kowa da gidansa, su tsare shi daga mahara na wasu garuruwa. A ƙofar kowane gida akwai fitila. In mai gida ya shiga wasan sai ta kama, in ya fita ta mutu. Wanda ya daɗe bai leƙo ba, ciyawa ta cinye masa tsakar gida, daga baya kamfanin wasan ya rushe gidan ya ba sabon shiga filin. Yayan ba ya kiran abin da suna. "Shirmen can" yake cewa. Akwai ranar da ya fizge wayar ya jefa cikin kwandon tsoffin kafasita, kuma daga ranar Auta bai sake tsallake dokin ƙofar shagon ba. Ko saƙo aka ba shi, daga waje yake tsayawa ya faɗa.

Da ciwo ya kwantar da Auta a asibiti, hannunsa ya kasa riƙe komai, ita ya fara roƙa. Ta ce ba ta iya ba. Sai ya juya ga yayan, yana murmushin wanda ya san za a ƙi, ya ce a riƙa kunna masa fitila kafin ya fito, kada ciyawa ta ci masa gida. Yayan ya karɓi wayar da yatsu biyu. Auta bai fito ba.

Abin da ya biyo baya ne mai ɗinki ta kasa ba wa suna. Mutanen garin wasan suka yi ta aiko da gaisuwa, wasu da kuka a murya, suna ba da labarin wani Auta da gidansu bai sani ba: mai raba kaya ga sabbin shiga, mai sulhunta faɗa, wanda in ba ya nan ba a fita yaƙi. Yayan ya saurari saƙonnin duka a tsaye. Mutanen suka yanke cewa gidan Auta ba zai rushe ba, kuma tunda wayar na hannun ɗan'uwansa, shi zai ci gaba da kunna fitilar. Ya ci gaba da kunna ta. Bayan wani lokaci ya buɗe nasa akawun a tasa wayar, ya gina gida daura da na Auta, katanga a miƙe kamar an ja ta da zare. Da yake ya girme su suka sa masa Kawu. Da yake ba ya manta komai kuma ba ya makara a wasan, suka ba shi shugabancin garin. Mutumin da a gida sai an yi da gaske ake jin kalma biyar daga bakinsa ya koma mai aika saƙon murya, har da barkwanci.

Kuma duk garin ba wanda ya kai shi zagin wasan. Ta bango take jinsa yana cewa masu kamfanin ɓarayin zaune ne, ba su san darajar mutane ba, gobe ma zai goge abin daga wayarsa. Gobe ta yi, da azahar, sai ta ji ɗan kiɗan buɗe wasan ya ratso ta hudar wayar wuta. Ta kan rage gudun keke in ta ji shi. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma kiɗan nan shi ne sautin bencin ƙofa lokacin da akwai mai kwanciya a kai.

Sai kamfanin ya sauya doka. Makaman da mutane suka shekara suna wahalar haɗawa aka zuba su a kasuwa, wanda ya shigo jiya ya saya ya tattake wanda ya tsufa a ciki. Sannan wa'adin rushe gida, da a da sai an kusa shekara, aka mayar da shi 'yan kwanaki. Guruf ya kama da wuta. Kawu ne ya yi dogon saƙon da aka yi ta yaɗawa har wasu garuruwa: kowa ya fita, kada fitila ko ɗaya ta kama, a bar kamfani ya ga gari baƙi ƙirin har sai ya janye. Wanda gidansa ya rushe a kan haka, in ji shi, ya rushe da mutunci. Da ta ji ana ta yaji, yaji, ta leƙa ta tambaye shi ko maza ma yanzu sun fara, kuma gidan wa za su tafi a biyo su biko. Bai yi dariya ba. Ya ce kamfanin ba zai kai ƙarshen mako ba.

Kamfanin ko tari bai yi ba.

Bayan tafiyar Dogo ta ɗauki wata riga kamar mai neman haske, ta zagaya shagonsa. Yana zaune, fanka a buɗe a gabansa, wayoyi biyu a gefen teburin: tasa a kife, ta Auta mai tsagaggen gilashi a jikin caja.

Ya riga ta magana. Ya ce shi alkawarin da ya ɗauka a kan gidansa ne, kuma bai taɓa tasa wayar ba, ga ta nan a duba. Auta kuwa ba ya cikin guruf lokacin da aka yanke, ba a tambaye shi ba, ta yaya za a rushe wa mutum gida a kan shawarar da bai ji ba? Yana faɗa yana goge boris ɗin fankar da ya riga ya goge.

Ta ce ta ji. Amma ta kuma ji Dogo na cewa wani ɗan garin maƙwabta a wasan da bai shiga yajin ba ya ɗauki hoto, kuma a hoton ba fitila kaɗai aka gani ba.

"Yaya, kunna fitila ai ƙiftawar ido ce. Ka shiga ka fita, wa zai gani? Me ya kai ka fita da shi yawo?"

Ta riga ta san amsar. Ta sha ganinsa in ta kawo masa ruwa. Yakan shiga da akawun ɗin Auta, fitila ta kama, sai ya ja ɗan mutumin nan mai jar hula da Auta ya zaɓa wa kansa, ya fito da shi, ya tsallaka da shi titi, ya kai shi ƙofar gidan Kawu, ya shigar da shi ciki har tsakar gida. Sai ya bar shi tsaye, ya ajiye wayar a jingine da gwangwanin noti, ya ci gaba da naɗin koyil yana ɗagowa jefi-jefi. Kullum haka. Ranar hoton ma hannunsa ne ya yi abin da ya saba, a gari mai duhu, inda fitila ɗaya ake hangowa daga nesa, da ɗan mutum ɗaya yana tsallaka titi.

Ta so ta ce masa Auta ya tafi, wannan zane ne. Ta so ta ce da ya kira shi ciki sau ɗaya lokacin da yake da ƙafar shigowa. Ta kalli bayan wuyansa, inda furfura ta fara, ta ce kawai ko ya ci abinci.

A kwanakin da suka biyo baya ta yi ta saƙa yadda za ta ɗauke wayar. Cikin buhun ƙyallaye za ta tura ta, ta ce ba ta gani ba, ya yi faɗansa ya huce. Har sau ɗaya ta shiga shagon yana masallaci, ta ɗora hannu a kanta, ta ji ɗuminta na caji kamar ɗumin tafin hannu. Ta janye. Da azahar ta yi, kiɗan ya ratso bango, ta tsinci kanta ta tsayar da keken gaba ɗaya.

A guruf kuwa aka rabu gida biyu. Wasu suka ce tunda shugaba ya karya, kowa ya koma ya ceci gidansa. Wasu suka ce ba su ba wasan har abada. Waɗanda suka koma suka tarar da mahara masu sayayyun makamai sun maida garin hanya, suka fita da zagi. Mai jegon nan ta aiko da saƙo ta ce ita ba ta ga laifin Kawu ba, amma ta gaji. Shi kuwa ya ƙi taɓa tasa wayar. Ya ce ya faɗa a gaban jama'a ba zai shiga ba sai an janye dokar, kuma ba a janye ba. Don haka da idon Auta yake kallon nasa gidan: ciyawa ta fara daga gindin katanga, ta hau taga, ta rufe ƙofa har ɗan mai jar hula ya daina iya shiga, sai dai ya tsaya daga waje.

Dogo ya dawo da wata tsohuwar fankar tebur a hammata, wadda ko makaho ya san lafiyarta ƙalau. Wannan karon muryarsa ƙasa-ƙasa ce, sai da ta matsa kusa da bango. Ya ce sun samu wani wasan, sabo, masu shi na amsa ƙorafi, kusan kowa ya koma can, kuma kujerar shugaba babu kowa a kai. An yafe, an manta da hoto.

"Ka zo, Kawu. Amma kai kaɗai. Can babu filin da za a ba wanda ba ya nan."

Yayan ya tambaye shi ko sabon wasan ma ba kamfani ne da shi ba. Dogo ya ce da shi mana. Ya ce to su ma za su sauya doka wata rana. Dogo ya ce in sun sauya a sake tashi, ai ba aure aka ɗaura ba. Yayan ya ce zai duba. Sannan ya ce fankar ba abin da ya same ta, ya ɗauki abarsa.

Rannan da azahar kiɗan ya zo kamar kullum, amma bai daɗe ba ya yanke. Ta jira ƙarar naɗin waya, ba ta ji ba. Tana cikin zura zare a allura inuwa ta tare mata haske. Yayanta ne a bakin ƙofar shagonta, bai shigo ba, ƙafarsa ɗaya a kan dokin ƙofa, wayar mai tsagaggen gilashi a hannunsa. Ta ga ɗan mai jar hula tsaye a gefen wani fili da aka share fes, inda gidan Kawu yake a da, an kafa allo a tsakiya ana neman mai so. Can bayansa, a tsallaken titi, fitila ɗaya na ci.

Ta ce ya shigo ya zauna. Bai motsa ba.

"Na tsallako da shi, bai tarar da gida ba," ya ce. Ya duba wayar, ya dube ta. "Gobe in na kunna masa, wajen wa zan kai shi?"