Nasidi Mai Rediyo Ya Tafi Madarunfa

Duk wanda ya ci kasuwar Moriki a shekarun nan ya san rumfar Nasidi, ko da bai san sunansa ba. Ita ce wadda rediyo uku ke magana a cikinta lokaci guda, kowace da tasharta, shi kuma mai rumfar yana zaune a tsakiya kan buhu, ya sunkuya da ƙarfen narka dalma, yana musu da duka ukun. Gyaran rediyo da tocila ne sana'arsa. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, ga ƙirji irin na 'yan kokawa, ga murya wadda ba ta san raɗa ba. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa sai 'yan siraran ƙafafu biyu da yake naɗewa a ƙarƙashin riga. Shan inna ce ta kama shi bai daɗe da yaye ba.

Da hannu ya yi ƙuruciyarsa. Yakan zura tafukansa cikin silifa ya ja jiki zuwa masallaci, zuwa dandali, zuwa duk inda ake rigima, don Nasidi ba ya jin hayaniya ya zauna. Mahaifinsa manomin gero ne, ya rasa abin da zai koya wa ɗan da ba zai bi kunya da fartanya ba, sai ya kai shi wurin wani mai gyara a Kaura Namoda. Ya dawo da sana'a a hannu, ya kafa rumfa, ya auri Asiya, wadda ta faɗa da bakinta cewa ta ji ta gani, kuma duk wanda ya sake yi mata maganar ƙafa zai ji abin da bai taɓa ji ba. Ba a samu wanda ya sake ba.

Keken ya zo ne shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato. Bawa mai walda na Kaura ne ya haɗa masa: taya uku, kujerar katako, sarƙa ta hawo har gaban ƙirji inda ake murzawa da hannu. Nasidi ya sa aka shafe shi da koren fenti, ya ɗaura ƙararrawa biyu, wai ɗaya ba ta isar babban mutum. Ranar da ya shigo gari a kai, kai, ka ga zagaye! Ya bi kasuwa lungu-lungu har sai da Asiya ta aiko a gaya masa tuwo ya huce. Jama'a na ta murnar sabuwar jiha, shi ko ya ce kowa da jiharsa, tasa ga ta nan mai taya uku.

To, akwai kuma Haladu.

A wancan lokacin masu sauraro sukan sayi kati su rubuta sunayen waɗanda suke so a gaishe musu, su aika gidan rediyo a Kaduna, mai gabatarwa ya karanto duniya na ji. Nasidi ya riƙi abin nan da gaske. Wata rana ya gaida kowa da kowa, ya rasa wanda zai cike katin da shi, sai ya sa a gaida akuyar Asiya da ta haifi uku. Ba a jima ba sai ga amsa daga rediyo: Haladu Mai Kifi, daga Madarunfa ta ƙasar Nijar, yana yi wa Nasidi Moriki barka da arziki, yana kuma tambaya ko an raɗa wa 'yan akuyar suna. Nasidi ya yi dariya har dalma ta ɗigo masa a yatsa.

Shi ke nan, zumunci ya ƙullu. Shekara da shekaru suna gaisawa ta bakin mai gabatarwa, ba su taɓa sa juna a ido ba. Haladu ya san sunayen 'ya'yan Nasidi. Nasidi ya san lokacin da tabkin Madarunfa ke cika da lokacin da kifi ke tsada. Da mahaifin Nasidi ya rasu, ta'aziyyar Haladu ta riga ta wasu dangi isowa. Abu ɗaya ne bai taɓa shiga kati ba: Haladu bai san abokinsa gurgu ne ba. Ba ƙarya Nasidi ya yi ba. Kati ƙarami ne, kuma a cikin rediyo ne kaɗai ake kiran sunansa ba a biyo shi da "Allah sarki". Ya ɗanɗani daɗin haka, ya ƙi saki. In Haladu ya ce yaushe za ka zo mu ci kifi, amsar ɗaya ce, sai bayan kaka. In kuwa ya ce shi zai zo, sai Nasidi ya ce hanya ta lalace, a bari ta gyaru.

Asiya ta sha yi masa magana. "Maigida, wanga ɓoyo naka na mi ne? Mutumen da ya gaida akuyata, ƙafa ce za ta kore shi?"

Sai ya ƙara wa rediyo murya.

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci a Zamfara, gaisuwar Haladu ta ɗauke ɗif. Nasidi ya aika kati bayan kati, shiru. Ya tambayi direbobin da ke bin Jibiya, wani ya ce ya san mai kifin, amma an daɗe ba a gan shi a kasuwa ba. Damina ta faɗi, ta yi, ta ɗauke. A bakin rumfa ana ta cacar baki a kan alƙalai da hana mata hawa kabu-kabu, Nasidin da ba a finsa baki ya koma sai dai ya gyaɗa kai. Tsoro biyu ke cinsa. Kada Haladu ya mutu bai gan shi ba. Kada kuma ya zamana wani ne ya kai masa labarin ƙafafun, shi ya sa ya yi shiru. Na biyun ya fi ci masa rai, ya kuma ji kunyar hakan ƙwarai.

Da aka gama ɗaurin gero ya ce wa Asiya za shi Madarunfa. Ta ce madalla, gobe akwai motar Zurmi.

"Mota? Yaran mota su ɗaga ni kamar buhun dawa, su ɗaure kekena a sama, in an isa su sauke ni gaban jama'ar garinsu? A'a. In dai gurgu zai gani, to ya ga gurgun da ya kawo kanshi."

Ta yi masa tatas. Ta ce taurin kai ne zai kashe shi, ta ce ƙasar wasu ce fa, ba bayan kasuwa ba. Da ta gama, sai ta wuni tana daka masa gumba da ƙuli-ƙuli, ta cusa auduga a tsohon zane ta ɗinka masa matashin kujera. Bawa ya ƙara masa kwando a baya, ya ba shi famfo da gam da tsohon tib na faci, ya ce in ya dawo da keken a raye zai sake masa fenti kyauta.

Hanya ba ta san zumunci ba. Daga Moriki zuwa Zurmi ya tafi yana kaɗa ƙararrawa, yana gaida masu ɗaukar damman gero. Bayan Zurmi sai wasa ya ƙare. Inda kwalta ta ɓalle, yashi ya riƙe tayoyin, ya murza har jijiyoyin wuya suka miƙe. Ƙaya ta huda masa taya, ya sauka ya yi faci a gefen hanya, yana ce wa kansa ai shi ya fi kowa sauƙin wannan aiki, da ma a ƙasa yake. Tafukansa, waɗanda yake alfahari sun yi kanta, suka tashi ruwa. Yakan sauka a masallacin duk ƙauyen da la'asar ta riske shi, da sassafe ya ci gaba. Matan Fulani suka dama masa gumbarsa da nono. Masu miƙo masa sadaka kuwa, sai ya ɗaga hannu: "Allah ya amfana, amma ba bara nake ba. Matafiyi ne ni, Nijar za ni." Su bi shi da ido.

A wani dogon hawa kafin Jibiya hannun ya ce ya gaji. Yana nan tsaye a tsakiyar tudu, ya danne birki kada ya koma baya, sai ga wata akori-kura maƙare da mutane da ganguna. Makaɗa ne, kasuwarsu ta mutu a gida tun da aka hana taron kiɗa, za su tsallaka iyaka neman abinci. Suka ce ya hau, ya ƙi. Suka ce su tura shi, ya ce wanda ya taɓa keken nan za su ɓata. Sai babbansu, wani dattijo mai furfura, ya dube shi ya yi murmushi, ya rataya kalangu ya sauko. Sauran suka biyo shi. Suka sa keken a tsakiya suna takawa a ƙasa, suna kiɗa, suna kirarin na Asiya, gagara-tudu na Moriki. Wallahi bai san sanda ya kai ƙololuwa ba. Dattijon ya share gumi ya ce rabonsa da kiɗa mai daɗi haka tun kafin azumi.

A kan iyaka wani jandarma ya zagaya keken, ya ɗaure fuska, ya ce ina takardun mota. Nasidi ya kaɗa masa ƙararrawa biyun. Jandarman ya fashe da dariya, ya duba katin shaidarsa, ya tambaye shi labarin Zamfara, ya cika masa gora da ruwa. Da ya wuce shingen ya waiwaya, ya ga gero iri ɗaya, tumaki iri ɗaya. Duk da haka ƙirjinsa ya cika, don ko mahaifinsa mai ƙafa biyu bai taɓa zuwa nan ba.

Ƙamshin bandar kifi ne ya fara gaya masa ya iso. Ya tsaya wurin mata masu suya a bakin tabki ya tambayi gidan Haladu Mai Kifi. Suka dubi juna. Ɗaya ta ce, "Haladu? Allah sarki."

Nasidi ya ce, "Ya rasu?"

"Yana nan dai." Ta nuna masa lungu.

Ya yi sallama a zaure. Wata mata ta leƙo, ya faɗi sunansa. Ta ce, "Nasidi na rediyo?" Sai idonta ya sauka kan keken, kan rigar da ta rufe ƙafafun, ta sa hannu ta toshe baki. Mariya ce, matar Haladu. Cikin kuka ta gaya masa: farkon bazara motar kasuwa ta kife da su a hanyar Maraɗi. Rai ya yi saura, ƙafafun ne ba su sake tashi ba. Tun da aka dawo da shi daga asibiti bai fita ɗaki ba. Ya hana a kunna rediyo, ya hana baƙi shiga, ko 'yan uwansa sai ta bayan asabari suke gaishe shi.

Ɗakin yana jikin zauren. Ta shiga ta faɗa masa wanda ya zo. Sannan Nasidi ya ji muryar abokinsa, karo na farko a duniya, kuma ba irin wadda ya ƙera masa a zuci ba ce. Siririya ce, a gajiye.

"Nasidi, don Allah ka yi haƙuri ka koma. Haladun da kake gaisarwa ba shi nan. Abin da ya rage gurgu ne, a ɗaga a ajiye. Mi za ka yi da gurgu? Ka bar ni yadda ka san ni."

Mariya ta buɗe baki za ta yi magana, Nasidi ya girgiza mata kai. Ya zame daga kujera ya sauka ƙasa. Ya zura tafukan nan da suka fashe cikin silifa, ya cije leɓe, ya ja jiki. Daga ciki Haladu yana jin wani irin taku da bai gane ba, ɗas, sannan shuu, ɗas, sannan shuu. Sai ya ga asabarin ya ɗaga daga ƙasa. Wani ƙaton kai mai ƙura ya shigo, kafaɗu suka biyo, sannan aka jawo ƙafafu aka tsallakar da su dokin ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Haladu na kwance kan tabarma, baƙon na zaune a ƙasa, idanunsu suka haɗu daidai wa daida.

"Salamu alaikum," in ji Nasidi. "Matsa mini, tabarmar ai ba taka kai kaɗai ba ce."

Haladu ya dubi fuskar, ya dubi ƙafafun, ya sake duban fuskar. Da ƙyar ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun ban san kaina ba."

"Ba ka taɓa faɗi ba."

"Kai ka faɗi naka?"

"Wa ya kawo ka?"

Mariya ta naɗe asabarin sama. Ga keken nan a zaure, koren ya koma ja don ƙasar hanya, gora na rataye, taya ɗaya duk faci.

"Daga Moriki? A wanga?"

"Daga Moriki."

Haladu ya ja mayafi ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Nasidi ya so ya yi masa tsiya, ya fasa. Shi ma ya yi kukansa, babu kunya.

Can Haladu ya yaye mayafin, idonsa ya kai kan silifan da ke yashe a gefe, ya ga jini a jikinsu. Ya kamo hannun Nasidi ya juya. Ya ce, "Subhanallahi, haka ka yi wa kanka? Mariya, ruwan ɗumi. Da man kaɗe." Ya dogara da gwiwar hannu, ya ja jiki ya jingina da bango, shi kaɗai, abin da Mariya ta ce bai taɓa yarda ya gwada ba. Ya ɗora tafin abokinsa a cinya ya wanke a hankali, yana shafa man yatsa bayan yatsa, yana faɗa. Wai mutum da girmansa, da iyalinsa, ba shi da hankali. Nasidi ya bar shi ya yi ta yi.

Da Haladu ya gama hannu ɗaya ya karɓi ɗayan, sai faɗan ya ƙare. Ya daɗe yana kallon zaure. Bai ɗago kai ba ya ce, ƙasa-ƙasa, "Shi abin nan, da wuyar koyo?"

"Wuya? Za ka kife. Za ka shiga dangar mutane, kaji su watse, a yi maka dariya. Ni rumfar mai tsire na fara rushewa. Da safe in rana ta ɗan ɗaga, sai mu fara daga nan zuwa bakin tabki."

Haladu ya ci gaba da shafa man. Sannan ya ɗaga murya.

"Mariya, rigata ta fita, tana ina?"

Suka ji ta a ɗaya ɗakin tana jawo akwati daga ƙarƙashin gado.